Daren Delhi: tsakanin Connaught Place, Hauz Khas, Gurugram da Tsohon Birni, ina ya dace da baƙo?

Akasarin Hausawan da ke sauka a Delhi ba yawon buɗe ido ne ya kai su ba. Wani ya rako mahaifinsa asibiti, wani yana karatu a Greater Noida, wani ya je saro magunguna ko kayan gyaran babura. Amma ko mai jinya ne, in ya kwashe makonni yana kai-komo tsakanin ɗakin haya da barandar asibiti, akwai daren da ƙirjinsa zai cushe ya ji yana son fita ya sha iska. Ɗalibi kuwa ba a daɗewa 'yan ajinsu za su ja shi fita daren Asabar. Ɗan kasuwa ma, wanda yake sayen kaya a hannunsa zai ce lalle sai ya kai shi cin abincin dare. To ina za a nufa? Delhi ba ta da wata unguwa guda da za a nuna a ce nan ce matattarar dare. Wurare ne a warwatse, wani tsakaninsa da wani tafiyar sa'a guda ce a mota, kowanne da dokarsa da tsadarsa, da kuma irin kallon da ake yi wa baƙar fata a bakin ƙofa.

A ganina, kafin ka ruɗu da hasken fitilu da hotunan Instagram, abu biyu za ka fara aunawa: yadda za a karɓe ka in ka zo shiga, da yadda za ka koma masauki in ka fito. Da wannan ma'aunin na jera wuraren da ke ƙasa.

Gari ɗaya, hukuma uku

Abin da baƙo ke kira Delhi yanki ne da ya ratsa gwamnatoci uku. Delhi kanta tana da tata, Gurugram tana jihar Haryana, Noida da Greater Noida kuma suna Uttar Pradesh. Dokar barasa a Indiya ta jihohi ce, kana tsallaka iyaka ta sauya. A Delhi sai mai shekara 25 doka ta yarda a sayar wa giya. An yi yunƙurin saukar da shi zuwa 21 a 2021, amma tsarin da ya zo da batun an soke shi a 2022. A Haryana da Uttar Pradesh 21 ne. Wannan ya shafi har wanda bai taɓa kai kwalba baki ba, domin akwai gidajen rawa da ba sa barin wanda bai kai shekarun ba ya shiga ko da lemo ya zo sha, kuma baƙo fasfo ake tambayarsa.

Yawancin gidajen giya na Delhi ƙarfe 1 na dare suke rufewa, in ban da na manyan otal-otal da ke da izini na daban. A Gurugram mai gida yana iya biyan ƙarin kuɗi ya sayi izinin tsawaita lokaci, shi ya sa za ka ga motoci suna kwarara can bayan tsakar dare. Akwai kuma ranakun da ake hana sayar da giya kwata-kwata, kamar 26 ga Janairu da 15 ga Agusta da 2 ga Oktoba, da awa 48 na ƙarshe kafin rufe rumfunan zaɓe. Dare ya yi, wurare da yawa a ranakun nan shiru suke.

Abin da ya fi duk waɗannan tasiri a kan baƙo shi ne metro, jirgin ƙasa na cikin gari. Tun 2002 da aka buɗe shi ya zama ƙashin bayan zirga-zirgar birnin: mai arha, mai sanyi, ana caje kowa a ƙofar shiga, taragon farko kuma na mata ne zalla. Sai dai wajen ƙarfe 11 na dare jiragen ƙarshe ke tashi. Layin da ke kaiwa Greater Noida ma ya riga na Delhi rufewa. Daga nan sai tasin Uber ko Ola, ko adaidaita, wanda doka ta ba shi damar ƙara kashi 25 cikin ɗari daga 11 na dare zuwa 5 na asuba, direbobi da yawa kuma ba sa ma kunna mita sai dai ciniki. Wato daren Delhi kashi biyu ne ga wanda ba shi da mota, na kafin 11 da na bayanta, kuma tsada da haɗarinsu ba ɗaya ba ne.

Connaught Place

Wanda bai san gari ba, nan ne ya fi sauƙi. Da'ira ce ta fararen gine-gine masu ginshiƙai da Turawan mulkin mallaka suka gina tsakanin 1929 da 1933, kowa CP yake ce mata. A ƙarƙashinta tashar Rajiv Chowk take, inda layin rawaya da ke zuwa Gurugram ya haɗu da shuɗi mai zuwa Noida. Ka fito daga jirgi, ka hau matakala, ka riga ka iso. Ba lungu, ba duhu, akwai 'yan sanda, iyalai suna ta yawo da yara har wajen 10.

A ƙasa shaguna ne, a benaye kuma gidajen abinci da na giya a jere, kusan kowace ƙofa da saurayi tsaye riƙe da takardar jerin abinci yana kiran masu wucewa. Yawancinsu iri ɗaya ne: kiɗan Panjabi da waƙoƙin finafinai da ƙarfi, haske dishi-dishi, ragin farashi da yamma don a jawo ma'aikatan ofis. Tsofaffin gidaje irin su United Coffee House, da aka buɗe a 1942, da Kwality sun fi natsuwa, a can ne za ka iya zama da dattijo ku yi magana ku ji juna. Zama a saman rufi da aka yi yayi a da ya ja baya tun 2017, lokacin da wani ɓangaren gini ya rufta hukuma ta rufe irin waɗannan wuraren da dama.

Aibin CP shi ne 'yan kamasho. Mutum zai matso da fara'a, ya tambaye ka ƙasarku, ya ce ya san wani wuri mai kyau can baya. Ka gode masa ka wuce. Bayan 11 kuma da'irar takan yi fayau da sauri, barandun da suka cika ɗazu su koma wurin kwanan marasa gida da karnuka.

Hauz Khas, kyawun wuri da ƙuncin hanya

In ka tambayi ɗalibin Indiya, da wuya bai ambaci Hauz Khas Village ba. Kuma wurin yana da abin da babu a sauran. Tafki ne da Sarki Alauddin Khalji ya haƙa don shayar da birninsa, sannan Firoz Shah Tughlaq ya yashe shi ya gina makarantar addini a bakinsa a 1352, kabarinsa ma yana nan. Ƙauyen da ya manne da waɗannan kufai shi ne ya rikiɗe ya zama layin gidajen giya da shagunan kayan ado, hawa kan hawa. Daga tagar wasu, irin su Hauz Khas Social, kana hango ruwan da kubbobin dutse. Da la'asar sakaliya, rana na faɗawa bayan itatuwan da ke kewaye da tafkin, ban san wurin zama a Delhi da ya fi shi daɗin kallo ba.

Da dare ya raba kuwa labari ya sha bamban. Hanya ɗaya ce ta mota ke shiga ƙauyen, ta bi ta gefen dajin Deer Park, ta ƙare a wurin ajiye motoci. Daga nan sai ƙafa, cikin layin da mutum huɗu ba sa jerawa. Gine-ginen gidajen zama ne na da aka ɗora wa benaye, matakala ɗaya siririya ce shiga, ita ce fita, wayoyin lantarki a cukurkuɗe a saman kai. A 2017 Babbar Kotun Delhi ta yi kakkausan gargaɗi cewa in gobara ta tashi a nan motar kashe wuta ba ta da ta inda za ta shiga. Mutanen Delhi ba su ɗauki irin wannan magana da wasa ba, domin a unguwar Green Park da ke maƙwabtaka ne gobarar silimar Uphaar ta kashe mutum 59 a 1997. A Mumbai ma a ƙarshen 2017 mutum 14 suka rasu a gobarar wasu gidajen giya na saman rufi a Kamala Mills. Duk inda ka shiga, a nan ko a wani wuri, ka fara neman ƙofar fita ta biyu da idonka kafin ka zauna. In babu, ka sha abin da za ka sha a tsaye ka sauka.

Ga kuma matsalar komawa. Tashar metro mai suna Hauz Khas ba a ƙauyen take ba, akwai kusan kilomita biyu tsakani. Daren Juma'a da Asabar, lokacin tashi, kowa ya fito lokaci guda, wasu a buge, motoci sun cushe hanyar, direban da ka kira a waya ya ce ba zai iya shigowa ba sai dai ka tako bakin titi ta gefen daji. A irin wannan sa'ar ce ƙananan rigingimu ke tashi. Shawarata ga mai son Hauz Khas ita ce ya je da la'asar, ya zaga kufan kafin a rufe, ya ci abinci yana kallon ruwa, ya bar wurin kafin 10. Wanda yake son kallon tarihi daga teburin abinci da dare kuma aljihunsa da nauyi, Mehrauli ta fi: akwai gidajen abinci da ke fuskantar hasumiyar Qutub Minar mai tsawon kusan mita 73, ana haska ta da dare, kuma mota tana kaiwa har ƙofa.

Gurugram da Aerocity

Waɗannan biyun na masu kuɗi ne da ma'aikatan kamfanoni, kuma su ne suka fi tsari. Cyber Hub, da aka buɗe a 2013 a tsakiyar dogayen ofisoshin Gurugram, fili ne da mota ba ta shiga, gidajen abinci da na giya a jere hagu da dama, masu gadi da na'urar bincike a kowace mashiga. Ana sauka a Sikanderpur a kan layin rawaya, a hau ƙaramin jirgin Rapid Metro zuwa Cyber City. Aerocity kuwa unguwar otal-otal ce a jikin filin jirgin saman Indira Gandhi, tana da tasharta a layin jirgin da ke zuwa filin. Saboda baƙin ƙasashen waje sun yi yawa a wuraren nan biyu, ba wanda ke juyowa ya ƙura maka ido. Ga baƙar fata wannan ba ƙaramin hutu ba ne.

In abokin kasuwancinka Ba'indiye ya ce zai fita da kai kuma ka san shi zai sha, nan za ka zaɓa. Gidajen abinci ne na sosai da ke sayar da giya a gefe, don haka wanda ya ce a kawo masa ruwan lemon tsami da soda, ko haɗin 'ya'yan itace marar barasa da suke kira moktel, ba ya zama bare a tebur. Sai dai ka tambayi asalin naman. A Indiya akwai yankan halal, akwai kuma wanda ake kira jhatka, na sara ɗaya, wanda mabiya addinin Sikh da wasu Hindu ke ci. In ba a ba ka amsa gamsasshiya ba, ka koma kan kifi ko abincin ganye, wanda ake yi wa alamar ɗigo kore.

Kada a haɗa Cyber Hub da Sector 29, ko da yake duka a Gurugram suke. Sector 29 dandalin gidajen da ke dafa giyarsu da kansu ne, hayaniya ta fi yawa, shan ya fi nauyi. Haka ma rumfunan da ake kira ahata, waɗanda ke manne da shagunan sayar da barasa, mutum ya saya ya shiga ya zauna ya sha. Baƙo ba shi da abin yi a can. Babban aibin Gurugram dai nisa ne. Wanda masaukinsa ke Noida, in jirgi ya rufe, sai ya ratsa Delhi gaba ɗaya a tasi, kuɗin motar ma kaɗai ya isa cin abincin kwana biyu.

Gidan rawa na sosai

Kulob irin wanda ake cashewa har asuba yawanci a cikin manyan otal yake, ko a Gurugram. A nan ne ƙofa ke zama matsala. Namiji da ya zo shi kaɗai, ko maza zalla, stag ake ce musu, kuma ko dai a hana su shiga ko a caje su kuɗin shiga mai tsada, alhali wanda ya zo da mace ya shiga kyauta ko da rahusa. Ba a shiga da silifa ko gajeren wando. Ƙartin da ke ƙofa suna da ikon cewa wuri ya cika ba tare da bayani ba, kuma 'yan Afirka da ke zaune a birnin sun daɗe suna kokawa cewa wannan amsar ta fi yawan faɗowa a kansu. Wanda ya ga lalle sai ya je, ya tafi tare da abokai 'yan gari, a sa suna a jerin baƙi tun da rana.

Sannan a karanta rasit da kyau. Farashin da ke takardar abinci ba shi ne ƙarshe ba. Akwai harajin GST a kan abinci, kashi 5 a gidajen abinci na gama-gari, kashi 18 a manyan otal. Barasa harajinta daban ne na jiha. Sai kuma kuɗin hidima da gidaje da yawa ke liƙawa. Hukumar kare masu saye ta ce tun 2022 ba dole ba ne, Babbar Kotun Delhi ta tabbatar da haka a Maris 2025, don haka kana da damar cewa a cire. Akwai wata damfara kuma da 'yan sandan Delhi suka sha kama masu yin ta: mace ta haɗu da mutum a manhajar neman abota, ta zaɓi wani ƙaramin gidan shan shayi ko mashaya da ba a sani ba, ta yi ta odar abubuwa, ta ce an kira ta a gida ta fice, sai a ajiye masa takardar kuɗi ta dubban rupi ƙarti na tsaye a ƙofa. Duk wanda ba ka sani ba ya dage sai wani wuri takamaimai, ka janye.

Gaskiyar magana, ban ga ribar kulob ga baƙon da ya zo jinya ko kasuwanci ba. Mai son kiɗa yana da mafita mafi kyau. The Piano Man a Safdarjung Enclave gidan kiɗan jaz ne da ake zuwa don saurare, ko da yake ana sayar da giya. India Habitat Centre da ke Lodhi Road kuwa tana shirya kiɗa da rawar gargajiya ta Indiya da magariba, da yawa kyauta, babu barasa a zauren, a tashi da sauran lokacin kama jirgi.

Tsohon Birni

Nan, wato Old Delhi, ne nake tura duk wanda ya tambaye ni, musamman mai iyali da wanda ba ya son zama inda ake sha. Ka sauka a tashar Jama Masjid a layin shunayya da suke kira Violet, ko a Chawri Bazar a layin rawaya. Masallacin na Jama Masjid, Sarki Shah Jahan ne ya gina shi tsakanin 1650 da 1656, farfajiyarsa tana ɗaukar kimanin mutum 25,000. Ka yi Magariba ko Isha'i a ciki, ka sauko ta ƙofa ta ɗaya, layin da ke fuskantarka shi ne Matia Mahal.

Hayaƙin gawayi ne zai fara tarbar ka. Mai gashi yana zaune a kan dakali ya tanƙwashe ƙafa, yana dunƙula niƙaƙƙen nama a jikin tsinken ƙarfe da hannu ɗaya, ɗayan yana fifita wuta. Kusa da shi wani ya sunkuya cikin tanderu yana manna gurasar khamiri a bango, ya zaro ta da ƙugiya tana tururi. A gidan abincin Aslam ana gasa kaza a zuba ta a kwanon silba a kwarara mata narkakken man shanu har ta nutse. Karim's, da Haji Karimuddin ya kafa a 1913, yana cikin wani ɗan lungu a hannun hagu, Al Jawahar na bakin layi. Akwai nihari, naman da ake dafawa awanni da yawa har ya saki, romonsa mai kauri, a watsa masa citta da ɗanyen barkono. In ka ji an ce bade ka, naman ɓauna ake nufi, domin yanka saniya haramun ne a dokar Delhi. A rufe da shahi tukda, soyayyen burodi da aka jiƙa a madara mai zaƙi, ko sharbat ɗin madara da kankana da Rooh Afza, wanda shi ma a wannan unguwa wani hakimin gargajiya ya ƙirƙiro shi a 1907. Abin da mutum huɗu za su ci su ƙoshi a nan bai kai kuɗin shigar mutum ɗaya a babban kulob ba, kuma ba ka buƙatar tambayar ko naman halal ne.

Da azumi kuwa unguwar ba ta barci. Dubban mutane suna shimfiɗa ledar buɗa-baki a farfajiyar masallaci, bayan tarawihi kasuwa ta ci har sahur. Wanda Ramadan ya riske shi a Delhi bai je nan ba ya yi asara.

Ba zan ɓoye wahalarsa ba. Cunkoso ne na gaske, babura da kekuna suna kutsawa cikin mutane, ƙasa a jiƙe, mabarata suna bin ka, 'yan sane suna aiki. Waya da fasfo su koma aljihun gaba. Marar lafiyar da aka yi wa aiki kwanan nan kada a kai shi, kuma mai raunin ciki ya tsaya kan abin da aka sauke daga wuta a gabansa, ya sha ruwan gora. Za a kalle ka, yara ma su bi ka, amma sallama ɗaya takan sauya fuskar mai shago.

Wanda masaukinsa ke Jasola ko Sarita Vihar, inda masu jinya da yawa ke kama ɗaki, ba sai ya je Tsohon Birni ba. Shaheen Bagh da Zakir Nagar, kusa da jami'ar Jamia Millia Islamia, suna da layukan abinci irin wannan, titin ya fi faɗi, jirgin layin Magenta yana tsayawa a bakin unguwar. Na Saket kuma suna da Hauz Rani, inda gidajen abincin 'yan Afganistan ke dafa shinkafa da nama marar yaji sosai, abin da cikin Bahaushe ya fi saurin karɓa.

Sai Nizamuddin. Hubbaren Shehu Nizamuddin Auliya ne, babban waliyyin ɗariƙar Chishtiyya da ya rasu a 1325. Daren Juma'a, wato Alhamis bayan Magariba, mawaƙan ƙawwali suna zama a farfajiya suna fuskantar hubbaren, da ƙaramin molon iska da ake bugawa da yatsu da ganga da tafi, suna yabon Annabi da waliyyai. Wanda ya taɓa zama a majalisin bandiri na Ƙadiriyya a Kano zai gane yanayin tun kafin ya fahimci kalma ɗaya. Ana bi ta wani siririn layi cike da masu sayar da furen wardi da mayafan hubbare, kowa na cewa ka bar takalminka a wurinsa. A rufe kai, mata ba sa shiga ɗakin kabarin, kuma shiga kyauta ne, ko da wani ya miƙo maka littafi ya ce ka rubuta sadaka. Na san ba kowane mai karatu ne ya yarda da ziyarar hubbare ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya bar shi, Matia Mahal ta ishe shi.

Mai yara ƙanana kuma da ke son iska kawai, ya je India Gate. An gyara filin an sake buɗe shi a Satumba 2022, ga ciyawa, ga masu kurar askirim, ga jami'an tsaro ko'ina, ba a biyan ko sisi.

Abin da ya shafe mu musamman

Dole a faɗi wannan a fili. A Janairu 2014 wani ministan gwamnatin Delhi ya jagoranci samamen tsakar dare a kan wasu mata 'yan Afirka a Khirki Extension. A Mayu 2016 an kashe wani malami ɗan Kwango a yankin Vasant Kunj a kan gardamar wa zai hau adaidaita, da dare. A Maris 2017 gungun mutane suka far wa ɗalibai 'yan Najeriya a wani kanti a Greater Noida bayan jita-jitar ƙwaya. Mafi yawan dare lafiya ake fita a dawo, amma zargin fataucin ƙwaya yana bin baƙar fata a garin nan, kuma dokar miyagun ƙwayoyi ta 1985 tana da tsanani, beli ma wuya gare shi. Kada ka riƙe wa kowa jaka ko ƙunshi, kada ka tsaya jayayya da direba a kan canji, ka riƙe kwafin fasfo da biza mai rai. Sigarin lantarki haramun ne a Indiya tun 2019. Lambar neman agaji 112 ce. Akwai gidajen da 'yan Afirka ke dafa abincin gida a unguwanni irin su Tilak Nagar da Chhatarpur, kuma kewar tuwo da miya takan ja mutum, amma da yawansu ba su da rajista, samame yakan rutsa da wanda ya zo cin abinci kawai. In za a je, a je da rana tare da wanda ya san gidan.

Ga 'yan'uwa mata, a fita cikin rukuni, a hau taragon mata, a tura wa wani bayanin tasin da aka shiga, kuma a guji duk motar haya da ba ta manhaja ko ta gwamnati ba.

Saboda haka in ni zan zaɓa wa mutum: mai jinya da mai iyali, Matia Mahal ko Shaheen Bagh, a dawo a jirgi. Ɗan kasuwa da mai masaukinsa, Aerocity ko Cyber Hub. Sabon ɗalibi da 'yan ajinsu, CP, domin in zaman bai yi masa ba matakala kawai zai sauka ya kama hanyar gida. Hauz Khas kuma a bar wa la'asar.

Lokacin shekara ma yana sauya lissafin. A Mayu da Yuni zafi yakan kai maki 45, ko da dare bango na fitar da wuta, sai wuri mai na'urar sanyaya ɗaki. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan sama yakan cika tituna, tasi ya yi wuya. A Nuwamba hayaƙi ke rufe birnin, mai asma ko ciwon zuciya bai kamata ya zauna a fili ba, ko a India Gate ko a saman bene. Disamba da Janairu sanyi yakan sauka ƙasa da maki 5 ga hazo mai hana direba ganin gabansa, tafiyar dare zuwa Gurugram ko Greater Noida ta zama kasada. Fabrairu da Maris, sai kuma farkon Oktoba, su ne watannin da ake zama a waje har jirgin ƙarshe ba tare da an takura ba.